Mai kula da kwamfutocinmu ya tara kalmar sirrin kowa a fayil ɗaya, daidai ne?

Tambaya: Ni ce shugabar sashen mulki a wani asibitin kuɗi da ke Kano, ma'aikatanmu sun kai 80. Yaron da ke kula mana da kwamfutoci da natwok yana da wani fayil na Excel da ya rubuta kalmar sirrin kowa a ciki, har da tawa da ta babban likita. Ya ce in ba haka ba, ba zai iya yi wa mutum gyara ba idan mai kwamfutar ba ya kusa. Sannan duk ƙarshen wata sai ya sa kowa ya canza, a kawo masa sabuwar ya rubuta. Yaro ne mai amana, ban taɓa kama shi da komai ba, amma raina bai kwanta da tsarin ba. Yaya ya kamata mu yi?

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Ranki da bai kwanta ba gaskiya ya faɗa miki: fayil ɗin nan bai kamata a ce yana nan ba. Kuma tun daga farko ki cire maganar amanar yaron daga lissafi, domin ko waliyyi ne ke riƙe da fayil ɗin, illar tana nan daram. Na daɗe ina wannan aiki, na shiga ofisoshi da makarantu da asibitoci na tarar da irinsa, wani a Excel, wani a littafi mai baƙin bango cikin durowa. Kusan ko'ina wanda ya haɗa shi mutumin kirki ne da ya gaji da a riƙa tashinsa da tsakar dare wai an manta kalmar sirri.

Mai kula da natwok ba ya buƙatar sanin kalmar sirrin kowa kafin ya yi aikinsa. Waɗanda suka ƙera tsarin ma da gangan suka hana shi sani. Idan kika zaɓi kalmar sirri a Windows ko a imel ɗin ofis, na'urar ba ta ajiye ta yadda kika rubuta. Niƙa ta take yi da wani lissafi, ta ajiye garin. Gobe in kin zo shiga, sai ta sake niƙa abin da kika rubuta ta gwada da garin jiya, in sun zo ɗaya ta buɗe miki. Kamar yadda ba a mayar da garin dawa ya koma ƙwaya, haka mai iko da natwok ba zai buɗe sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da akawun ɗin kowa, ya karanta kalmar sirrinki ba. Ikon da aka ba shi shi ne ya soke tsohuwar ya sa wata ta wucin gadi. Idan ya soke, ke za ki sani, tunda taki ta daina aiki, kuma sabar za ta rubuta a rajistarta cewa wane ya sauya wa wance kalmar sirri ranar kaza da ƙarfe kaza. A Windows lambar wannan rubutu a rajista 4724 ce. Amma idan ya san taki ya shiga da ita, sunanki rajistar za ta rubuta, nasa ba zai fito ko'ina ba.

A nan gizo ke saƙar. An taɓa kirana wata ma'aikata bayan ɓarna ta riga ta auku. An sauya lambar asusun banki ta ɗan kwangilar da ke kawo musu dizal a manhajar biyan kuɗi, kuɗin wata biyu suka tafi wani wuri. Rajista ta nuna da akawun ɗin akanta aka yi sauyin, ranar wata Asabar da la'asar. Akanta ya rantse da Alƙur'ani yana Zariya wajen ɗaurin aure a ranar. Mutum uku ne suka san kalmar: shi, da mataimakiyarsa, da mai kula da kwamfuta. Kwana biyu na yi ina bin rajistar layi-layi, kuma abin da na iya gaya wa shugaban wurin kawai shi ne an shiga da kalmar sirri daidai, a gwaji na farko. Ba a kama kowa ba, ba a kuma wanke kowa ba. Bayan 'yan watanni mai kwamfutar ya ajiye aiki, domin da ya shigo ofis sai hira ta mutu. Har yau abin yana min ciwo, don da an bar akanta shi kaɗai da kalmarsa, da aƙalla mutum biyu sun tsira da mutuncinsu.

To ki ɗora wannan a kan asibiti. A ce da ƙarfe biyun dare an buɗe fayil ɗin wata mara lafiya, sakamakon gwajinta ya fita gari, mijinta ya ji a bakin duniya. Rajista ta nuna sunan wata nas. Ita za ta ce ba ita ba ce, kuma ba ki da hujjar ƙaryata ta, tunda kowa ya san mai kwamfuta na da kalmarta. Yaronku ya zama abin zargi a kan duk abin da mutum 80 suka aikata. Shi ne na farko da ya kamata ya so a rabu da fayil ɗin.

Sai kuma shi kansa fayil ɗin. Ina tabbatar miki ba kwafi ɗaya ba ne. Akwai na kwamfutarsa ta hannu, akwai na filashin da ke maƙale da makullin babur ɗinsa, wataƙila ya taɓa tura wa kansa ta imel ko WhatsApp. Duk ranar da aka fizge jakarsa a adaidaita sahu, ko ya buɗe wani saƙo mai ɗauke da cuta, an kwashe makullan asibitin gaba ɗaya a ɗaure a zobe guda. Manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan rami. A watan Satumban 2022 wani matashi ya kutsa cikin natwok ɗin kamfanin motocin haya na Uber, kuma bisa bayanin da shi kansa ya yi, bayan ya shiga sai ya tarar da wani fayil a ma'ajiyar da ma'aikata ke amfani da ita tare, an rubuta kalmar sirrin babban mai iko a ciki ɓaro-ɓaro. Daga nan sauran ƙofofin suka buɗe masa.

Hujjarsa ta cewa ba zai iya gyara ba sai da kalmar mai kwamfuta, yawancinta rashin sanin wata hanya ne. Sa firinta, sa manhaja, sabunta Windows, gyaran natwok, duk da nasa akawun na gyara zai shiga ya yi su. Ɗan abin da ya rage wanda sai a cikin akawun ɗin mutum, to mai shi ya zauna ya shiga da hannunsa, a yi gyaran yana kallo. In wani ya manta kalmarsa, a ba shi ta wucin gadi, a ɗosa alamar da ke tilasta masa ya canza da shigarsa ta farko. Akwatin ɗosa alamar yana nan a Active Directory, wato tsarin Windows na kula da akawun ɗin ma'aikata, yana nan a Microsoft 365 da Google Workspace. Mutum ya zaɓi sabuwa shi kaɗai, kada ya gaya wa kowa, har ke. Idan kuwa ma'aikaci ya kwanta ciwo, ko ya rasu, ko an sallame shi, ga takardun aiki a akawun ɗinsa, sai shugaban sashensa ya rubuto, ke ki sa hannu, a soke kalmar a shiga a gaban shaida, a ɗauki abin da ake buƙata, in ya dawo a sanar da shi. Ba za ku cika buƙatar haka ba in kun koya wa mutane ajiye takardun aiki a ma'ajiyar sashe maimakon fuskar kwamfutarsu.

Shi ma yaron akawun biyu ya kamata ya riƙe. Ɗaya na yau da kullum, marar iko kamar na kowa, da shi zai karanta imel ya shiga intanet. Na biyu mai iko, ba ya taɓa shi sai zai yi gyara, kuma da sunansa a jiki, ba wani suna na gama-gari da mutum uku ke shiga da shi ba. In yana da mataimaki, ba sai an jefa shi cikin rukunin Domain Admins, wato masu cikakken iko da natwok, ba. Ana iya yanka masa iko daidai aikinsa, ya iya sauya wa ƙananan ma'aikata kalmar sirri ya tsaya nan. Ki tambaye shi kuma: kalmar sirrin mai iko da ke kan kowace kwamfuta, ɗaya ce a duk asibitin? Galibi amsar e ce, kuma ma'anarta wanda ya fasa kwamfutar ɗakin kati ya samu ta ofishin babban likita. Microsoft na da magani kyauta mai suna LAPS, wanda tun watan Afrilun 2023 yake zuwa a cikin Windows. Shi ke ba kowace kwamfuta kalmarta daban, yana sauya ta da kansa, yana ajiye ta inda sai mai izini zai gani.

Maganar canzawa duk wata kuwa, tsohon yayi ne da masu shi suka yar. Ƙa'idar nan ta sa babban baƙi da lamba da alama ta bazu ne daga wata takarda da hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka, NIST, ta fitar a 2003. Wanda ya rubuta ta, Bill Burr, ya shaida wa jaridar Wall Street Journal a 2017 cewa yana nadamar yawancin abin da ya rubuta. A shekarar ce NIST ta fito da sabuwar ƙa'ida mai lamba 800-63B ta ce a daina tilasta wa mutane canza kalmar sirri lokaci-lokaci, sai in akwai alamar ta fita. A 2019 Microsoft ma ta cire sharaɗin daga shawarwarin tsaro na Windows. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, ke ma kin gan shi da idonki. Wanda aka matsa wa ya canza duk wata, Janairu@1 zai mayar Fabrairu@2, ko Kano2024 ta koma Kano2025, ko ya rubuta a 'yar takarda ya manna ƙarƙashin allon rubutu. Ki ɗaga allunan ɗakin magani gobe da safe ki gani.

Abin da ke ba kalmar sirri ƙarfi tsawonta ne, da kuma cewa ba a amfani da ita a wani wuri. Mai kutsen da ya saci garin nan da na ambata ba zai mayar da shi ƙwaya ba, amma zai sa na'ura ta yi ta cinke, tana niƙa kalmomi miliyoyi tana gwadawa, kuma gajeriyar kalma ba ta daɗewa a hannunsa. Hukumar tsaron intanet ta Birtaniya, NCSC, shawararta ita ce a haɗa kalmomi uku da ba su da dangantaka da juna. Ni nakan ce wa mutanenmu su haɗa huɗu ko biyar da Hausa, irin su tukunya, raƙumi, Laraba, gishiri. Nas mai aikin dare za ta riƙe wannan a ka, ga shi ya haura haruffa ashirin. Kada dai a ɗauki wannan misalin nawa, kuma a guji karin magana, da aya, da sunan ɗa ko miji, da lambar waya, don su ake fara gwadawa. Babban kashedi kuma: kalmar ofis kada ta zama ita ce ta Facebook ko ta wani shafin sayayya. Shafukan nan ana fasa su, kalmomin su yi ta yawo a kasuwar ɓarayi, su kuma su bi ƙofa-ƙofa suna gwadawa.

Kan imel da duk wata hanyar shiga daga wajen asibiti, ku ƙara kwaɗo na biyu, wato lambar tabbatarwa da ke fitowa a wayar mai akawun. A watan Mayun 2021 kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ya rufe bututunsa na kwanaki, aka yi ta layin mai a jihohin gabas, ya kuma biya fansar kimanin dala miliyan 4.4. Ƙofar da aka bi wani tsohon akawun ne na shiga daga nesa, ba a amfani da shi, ba a kuma rufe shi ba, kalmar sirri kaɗai ke tsare da shi. Lambar da ke zuwa ta saƙon tes ta fi babu, amma kin san yadda ake yi wa layin mutum walkam-bak ba da saninsa ba. Manhaja irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator ta fi, kuma lambarta tana sauyawa duk daƙiƙa 30 ko da babu sabis, abin da zai yi wa ma'aikatanku daɗi a ɗakunan da natwok ba ya kamawa.

Yanzu ga inda nake so ki fi tsayawa, domin da zarar kun rabu da fayil ɗin, ƙarfin tsaronku zai koma kan tambaya ɗaya: wa ke da ikon kiran yaron nan ya ce a sauya masa kalmar sirri, kuma ta yaya yaron zai tabbatar shi ne? Ɓarayin zamani sun gane cewa fasa kwaɗo wahala ne, roƙon maigadi ya fi sauƙi. A watan Satumban 2023 aka durƙusar da kamfanin otal-otal da gidajen caca na MGM a Las Vegas. Makullan ɗakuna suka daina aiki, baƙi suka yi ta dogon layi, kamfanin da kansa ya ƙiyasta asarar kusan dala miliyan 100. Rahotanni sun nuna masu kutsen sun nemo bayanan wani ma'aikaci ne a LinkedIn, suka kira sashen taimakon kwamfuta da sunansa, aka sake masa hanyar shiga. A watan Yulin 2020 kuma ta ɗaya gefen aka bi: wasu matasa suka riƙa kiran ma'aikatan Twitter a waya suna cewa su 'yan sashen kwamfuta ne, har suka samu shiga na'urorin cikin gida. Akawun 130 suka nufa, suka yi rubutu da 45, ciki har da na Barack Obama da Bill Gates da Elon Musk, suka damfari mutane sama da dala dubu 100. Jagoransu ɗan shekara 17 ne.

A wurinmu wannan ƙofar ta fi faɗi, saboda kunya da girmama na gaba. Ki ɗauka saƙo ya shigo wa yaron ta WhatsApp daga baƙuwar lamba, hoton babban likita a kai: ina Abuja, wayata ta faɗi, ka sake min kalmar imel yanzun nan ina cikin taro. Yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai, albashinsa a hannun mutumin, wane bakin zai buɗa ya ce ranka ya daɗe sai na tantance ka? Zai yi ne kawai, hannunsa na rawa. Murya ma yanzu ba shaida ba ce, ana kwaikwayonta da na'ura. A 2024 an damfari ofishin kamfanin Arup na Hong Kong kimanin dala miliyan 25 ta hanyar taron bidiyo da fuskokin shugabanni na bogi. Wannan gyaran ba na yaron ba ne, naki ne da na babban likita. Ku rubuta ƙa'ida a takarda ɗaya, babban likita ya sa hannu, ya kuma faɗa da bakinsa a taron ma'aikata cewa har shi ta hau kansa. Mai son a sauya masa kalma ya zo da ƙafarsa da katin aikinsa. In ba ya gari, yaron ya katse kiran, ya kira shi ta lambar da ke cikin fayil ɗinsa na ofishinki, ba wadda ta kira ba, kuma shugaban sashensa ya tabbatar. Mai cewa ya sauya waya a mayar masa da lambar tabbatarwa kan sabuwa, shi ya fi kowa buƙatar a bincike shi, don wannan ita ce buƙatar da ɓarawo ke kawowa. Kuma ki yi wa yaron alkawari a gaban mutane cewa ba za a taɓa yi masa faɗa don ya jinkirta wa babba saboda tantancewa ba. Idan ranar farko da ya bi ƙa'idar aka daka masa tsawa, to ta mutu ke nan.

Su ma ma'aikata magana ɗaya za ki dasa musu: sashen kwamfuta ba zai taɓa tambayarka kalmar sirrinka ba, duk wanda ya tambaya ɓarawo ne. Kin ga wata illar fayil ɗin ke nan, ya saba wa mutum 80 da miƙa kalmarsu ga duk wanda ya ce shi mai gyara ne. Haka kuma kada kowa ya karɓi kiran baƙo ya buɗe masa manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, irin AnyDesk ko TeamViewer ko Quick Assist. A 2024 Microsoft ta yi gargaɗi cewa masu garkuwa da bayanai suna kiran ma'aikata da sunan masu gyara, su shiga ta Quick Assist. Ku tsayar da manhaja ɗaya ta gyara daga nesa, wadda sai mai kwamfuta ya amince kafin a shiga, sauran a cire su.

Akwai wani haɗari kishiyar wannan, kuma ina zargin kuna cikinsa: yaron ya san kalmar kowa, amma ba wanda ya san nasa. Kalmar sabar, da ta rauta, da ta na'urar kyamarori, da ta wurin da kuka sayi sunan shafinku na intanet, da ta ma'ajiyar kwafin bayanai, duk a kansa suke. Rai a hannun Allah yake, kuma ko lafiya lau ana saɓawa. A 2008 wani injiniyan natwok na birnin San Francisco, Terry Childs, ya ƙi ba shugabanninsa kalmomin sirrin natwok ɗin birnin, wanda shi kaɗai ke riƙe da su. Kusan kwana 12 hukuma ba ta da iko da kayanta, sai da magajin gari na lokacin, Gavin Newsom, ya je har gidan yari ya karɓo. An yanke wa Childs shekara huɗu a 2010, amma laifin barin mutum ɗaya da makullan birni na shugabanni ne. Waɗannan kalmomin na kayan asibiti, su ne ya halatta a ajiye, a ma'ajiyar kalmomin sirri irin Bitwarden ko KeePass, ba a Excel ba. Sannan a buɗe akawun na gaggawa mai cikakken iko, a rubuta kalmarsa a takarda, a sa a ambulan, ke da babban likita ku sa hannu a kan bakin, a kulle a sef. Duk ranar da aka farke ambulan, a rubuta dalili a sauya kalmar. Ki duba kuma da imel ɗin wa aka yi rajistar sunan shafinku da lasisin manhajojinku. Sau da yawa nakan tarar da Gmail ɗin wani da ya bar aiki shekara uku da suka wuce.

Sauran ƙananan ƙofofi ba sa buƙatar dogon bayani, amma ta nan ƙadangare ke shiga. Kwamfutar ɗakin jinya da kowa ke shiga da suna ɗaya, a raba wa kowace nas nata akawun, allon ya riƙa kulle kansa bayan 'yan mintuna, a koya musu danna maɓallin Windows da L in za su tashi. Masu bautar ƙasa da ɗaliban da ke zuwa sanin makamar aiki, ranar da aka buɗe musu akawun a sa masa ranar mutuwa, kada a dogara da tunawa. Wanda ya bar aiki, ofishinki ya sanar da mai kwamfuta a ranar, kafin a ba shi takardar sallama. Kamfanin da ya sayar muku da manhajar asibiti, in ya bar AnyDesk a buɗe a kan sabar dare da rana, a rufe, in suna da gyara su kira a buɗe musu a rufe bayansu. Katunan banki miliyan 40 da aka sace a kantunan Target na Amurka a 2013, ta bayanan shiga na wani ɗan kwangilar na'urorin sanyaya wuri aka fara. Rauta da kyamarori kuma a tabbatar ba kalmar da suka zo da ita daga kamfani ce a kansu ba, waya-fai ɗin 'yan dubiya a raba shi da na aiki.

Idan babban likita ya ga kamar ɓata lokaci ne, ki tuna masa da doka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma in bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin sa'o'i 72. Ranar da aka zo bincike, tambayar farko ita ce wa ya buɗe fayil ɗin, kuma da tsarinku na yanzu ba ku da amsa.

Yadda za ki tunkari yaron yana da muhimmanci. Kada ki kira shi gaban mutane, kada kuma ya ji kamar tuhuma. Ki zauna da shi ki ce kina so a cire shi daga bakin zargi, ki nuna masa wannan amsar in kin ga dama, ki tambaye shi me yake buƙata. Wataƙila horo ne, wataƙila mataimaki, don mutum ɗaya a kan ma'aikata 80 da aikin dare kaya ne mai nauyi. Ku fara da ambulan da ma'ajiyar kalmomin kayan asibiti, sai ƙa'idar tantancewa, sannan ku sa rana. A ranar kowa ya canza kalmarsa sau ɗaya, a fara da masu iko da ofishin kuɗi da likitoci, kuma a zaɓi safiyar Talata ko Laraba da yaron ke kusa, ba yammacin Juma'a ba. Share fayil ɗin kaɗai ba ya wadatarwa, tunda ba ki san kwafi nawa ke yawo ba. Canzawar ce ke kashe shi. Bayan an gama sai ya goge shi a gabanki daga kwamfuta da filashi da imel da waya.

Daga nan kuma duk farkon wata ki ware kwata ɗaya ku zauna. Ya kawo miki takarda biyu: sunayen duk masu iko a natwok, da jerin waɗanda aka sauya wa kalmar sirri a watan da ya wuce tare da wanda ya nema. Ki ɗora su kusa da jerin albashi. Duk sunan da ke da akawun amma ba ya cikin masu karɓar albashi, a rufe shi kafin ku tashi daga kujera.